Share gona tas ko barin itatuwa a cikinta: amsa ga mai gona a hanyar Giwa

Malam, ka ce gonar da ka gada a hanyar Giwa akwai manyan ɗorawa da kaɗanya a cikinta, ga kututture na ta sake toho ko'ina. Mai tarakta ya ce sai an tumɓuke komai kafin ya shiga, masu gawayi kuma sun riga sun yi maka tayi. Tambayarka ita ce wanne ya fi, a share ta tas ko a yi noma tare da itatuwan. Ni dai ina bayan a bar su, a riƙa yi musu gyara. Amma bari mu fara da inda mai tarakta yake da gaskiya, don akwai.

Gonar da aka share ta fi sauƙin aiki. Tarakta na tafiya miƙe, faranti ba ya haɗuwa da saiwa, kunya na fita daidai, feshi ma ba wahala. Sannan ga maganar inuwa. Masara shuka ce mai son rana, kuma duk wanda ya taɓa noma ta a gindin babbar ɗorawa ya ga yadda kara ke yin siriri, goyo ya fito ɗan ƙarami. Kaɗanya ma tana ragewa, ko da yake ba ta kai ɗorawa ba. Don haka a shekara ta farko da ta biyu, in buhu za a ƙirga, gonar da aka share za ta iya yin gaba. Ƙara da kuɗin gawayi a hannu, sai mutum ya ga kamar ya ci riba ta ko'ina.

Abin dubawa shi ne shekara ta biyar zuwa sama. Ƙasar tudun Zariya ba mai kitse ba ce. An daɗe ana noma ta, kuma ɗan ƙarfin da take da shi yana saman nan ne, inda ganye da ciyawa suke ruɓewa. Ruwan da muke samu a shekara, wajen milimita 1,000, ba kaɗan ba ne. Matsalar yadda yake zuwa ce. Ruwan farko na watan Mayu da Yuni yakan zo da iska da ƙarfi, ya tarar da ƙasa tsirara, ya kwashe samanta ya zuba a kwari. Daga nan kuma sai a yi kwanaki ba ɗigo, tsiro na yaushi. Wannan tangal-tangal ɗin na damina shi ne fuskar sauyin yanayi da manomi ya fi sani. A gonar da babu itace, rana na dukan ƙasa kai tsaye, laima ba ta jimawa, ƙasa ta yi tauri, ruwan gaba ya bi ta kanta ya wuce. A gonar da ke da itace, reshe na rage ƙarfin saukar ruwa, saiwa na buɗe masa hanyar shiga ƙasa, ganyen da ya zuba gara ta ja shi ciki ya zama taki. Saiwar manyan itatuwa tana zuwa inda ta masara ba ta kaiwa, ta ɗebo abinci daga can ta sauke shi a sama ta hanyar ganye. Wanda ya share gonarsa, wannan aikin duka sai ya saye shi a buhun takin zamani, kuma kowa a nan ya san yadda farashinsa ya koma tun 2022.

Idan Allah Ya sa akwai gawo a cikin masu tohon nan, kada gatari ya kusance shi. Yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, wato ba ya tare wa shuka rana, yana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake nema a yuriya, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da kiwo ya yi wuya. Sai dai gawo ya fi yawa a wajen Kano da Katsina; a nan namu ɗorawa da kaɗanya ne suka fi, su kuwa lissafinsu daban ne.

Lissafinsu a 'ya'ya yake. Mai gawayi sau ɗaya zai biya ka. Ɗorawa kuwa duk shekara tana ba da kalwa ta daddawa, da gari, har ɓawon ma ana makuba da shi, kuma tana nuna ne a ƙarshen rani, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa ana neman kuɗin iri da taki. Kaɗanya na zuba a farkon damina, matan gida su tsinta su yi man kaɗe ko su sayar. Sannan kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Wadda ke tsaye a gonarka, magabata ne suka kewaye ta da garma shekara da shekaru har ta kai haka. In ka sare ta bana, da wuya kai ka ci 'ya'yan wadda za ta maye gurbinta.

Akwai kuma masu zama a kan itatuwan, kuma wannan ne ya fi damuna. Ɗorawa ba ta yin 'ya'ya sosai sai jemagu da ƙudan zuma sun bi furenta. Kaɗanya ma aikin zuma ne. Mujiya da ke kwana a kogon tsohon itace ɓeraye take ci. Ƙananan tsuntsaye da zanzaro na cin tsutsa, ciki har da tsutsar masara da ta ɓulla a ƙasar nan a 2016 ta addabi kowa. Shamuwa, da iyayenmu ke ganin zuwanta su san damina ta ƙarato, a kan manyan itatuwa take sheƙa. Ku tuna ungulu: da can kowace mahauta tana cike da su, yau yaro zai girma a Zariya bai ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 irin tamu ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Farauta da guba ne suka fi cinye ta, amma rashin dogayen itatuwan sheƙa ya taimaka. Gaskiya ne itace na tara tsuntsaye masu cin dawa da gero, sai an yi kora. Wanda zai noma masara wannan bai cika shafarsa ba.

Barin kututture ya yi toho ba sabon abu ba ne. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun wajen 1983, wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma a kan abin da suke kira sassaben zamani: a zaɓi reshe ɗaya zuwa uku masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a kare su daga wuta da dabbobi. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, don haka ya fi dashe saurin tashi nesa ba kusa ba. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan 5. Su ruwansu bai kai namu ba, itacen namu kuma ya fi nasu faɗin inuwa, saboda haka mu ba za mu bar su da yawa kamar yadda suke yi ba.

Ga abin da zan yi da a ce gonar tawa ce. Manyan ɗorawa da kaɗanya masu 'ya'ya su tsaya, a sassabe musu rassan ƙasa kafin ruwa ya sauka don rana ta ratsa. Itacen girki ma ya samu. A gindinsu kada a wahalar da masara, a sa barkono ko gwaza, sun fi jure inuwa. Kututturan kuma a zaɓi waɗanda suka faɗo a layi ɗaya da kunya da na kan iyaka, a cire na tsakiyar hanyar tarakta. Idan mai taraktan ya ce duk da haka ba zai shiga ba, a nemi wani, ko a sa shanun huɗa su zagaya gindin itatuwan. Kada a cinna wa gonar wuta da rani, don ita ke kashe toho. Kafin a taɓa komai, ka leƙa Samaru wajen malaman gona na IAR ko NAERLS, cibiyoyin binciken noma na Jami'ar Ahmadu Bello, su ba ka shawarar irin masara da wake da zai dace da wurin, ka kuma tambayi matan gidan wace ɗorawa ce ta fi kalwa, don su suka sani.