Faifai, Steam, GOG ko Game Pass: wanne ne zai bar maka wasanka?

A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe uwar garken (wato kwamfutocin intanet da wasa ke dogara da su) wasan bidiyo na tseren motoci The Crew, wanda ya fito a 2014. Daga ranar, wanda ya saya ta intanet da mai riƙe da faifai duk kanwar ja ce: wasan ba ya buɗewa, ko da kai kaɗai kake son yin tsere. Wannan ne ya sa Ross Scott, mai yin bidiyo a YouTube, ya kafa gangamin Stop Killing Games na hana kamfanoni kashe wasannin da aka saya, har koken da aka kai wa Tarayyar Turai ya haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025.

Saboda haka kafin ka duba farashi, ka fara tambaya: wasan zai yi aiki idan kamfanin ya janye hannunsa?

Faifai yana da daɗi domin za ka iya ba da aro ko ka sayar. Amma ka karanta bayan kwalin sosai. Idan an rubuta cewa sai da intanet a kowane lokaci, faifan bai tsare maka komai ba. A na'urar wasa ta Switch 2 ma akwai katin da Nintendo ke kira Game-Key Card, wanda babu wasan a cikinsa, izinin saukewa ne kawai.

Kantunan intanet na Steam da PlayStation Store lasisi suke sayar maka, wato izinin yin wasan, ba mallakarsa ba. Tun 2024, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta bayyana hakan, Steam ke rubuta shi a wurin biya. Yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ba ka kai awa biyu kana wasa ba, amma wannan ba zai amfane ka ba ranar da aka rufe wasa bayan shekaru.

Ni dai kantin intanet na GOG na fi yarda da shi. Ba ya saka makullin DRM, wato manhajar da ke taƙaita kwafa da amfani da wasa, kuma yana ba ka fayil ɗin girka wasan ka adana a na'urarka. Ko kantin ya rufe, abin da ka sauke yana nan. Matsalarsa ita ce manyan sababbin wasanni da yawa ba sa zuwa can.

Game Pass na Microsoft kuwa hayar wasanni ce ta wata-wata, kuma wasanni na shiga suna fita. Ga wanda zai gama wasa ya wuce, ba laifi.

Inda ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne wasan da ke rayuwa a intanet kaɗai. Sony ya rufe wasan Concord mako biyu bayan fitowarsa a 2024 ya mayar wa mutane kuɗinsu, kamar yadda Google ya yi da ya rufe dandalinsa na wasanni, Stadia. Yawancin masu The Crew ba su ga irin wannan ba. Idan za ka sayi irinsa, ka jira kamfanin ya bayyana ko zai yi aiki ba intanet, kuma ka rage kashe kuɗi kan kayan ado na cikin wasan, domin su ma uwar garken ce ke riƙe da su.