Kafin ka sari kayan ƙarin ruwa: na Jamus, na Indiya, na Sin ko na gida?

Mai ƙaramin asibiti ko famasi da ya shiga kasuwar sarin magunguna ta Dangwauro a Kano, ko ya kira dilansa na Idumota a Legas, tambayar da za a fara yi masa ita ce: mai kyau kake so ko mai sauƙi? Igiyar ƙarin ruwa ce, ko kanula, wato siririyar robar da ake sa wa a jijiya, ko sirinji, ko robar ruwan ita kanta, kowanne farashinsa hawa-hawa ne, kuma dila da sunan ƙasa yake tallarsa. Wannan ɗan Jamus ne, wancan ɗan Indiya, ga ɗan Sin mai rangwame. A ganina sunan ƙasa shi ne mafi raunin abin da za ka dogara da shi. Abin da ke rubuce a jikin ledar, da hannun da kayan ya biyo kafin ya zo gare ka, sun fi shi faɗin gaskiya.

Manyan kamfanonin da suka riƙe wannan kasuwa a duniya ba su da yawa. Akwai Baxter da BD da ICU Medical a Amurka, B. Braun da Fresenius Kabi a Jamus, Terumo da Nipro a Japan. A bayansu akwai na Indiya irin su Poly Medicure da Hindustan Syringes da ke Faridabad da Romsons na Agra, sai na Sin irin su Weigao da ke lardin Shandong. Waɗannan na biyun ba ƙananan masana'antu ba ne, har Turai suna kai kaya. Su ma manyan ba a gida suke ƙera komai ba: B. Braun yana da katafariyar masana'anta a Penang ta Malesiya, saboda haka "ɗan Jamus" ɗin da aka tsawwala maka kuɗinsa mai yiwuwa daga Asiya ya taso, kuma hakan bai rage masa komai ba. Wanda ya kamata ka yi taka-tsantsan da shi shi ne rukuni na uku: kayan da ke ɗauke da wani suna mai daɗin ji, amma babu sunan masana'antar da ta yi shi, babu cikakken adireshi, babu wanda za ka riƙe idan ya ba da matsala.

Kasuwar kuma ba ta da tabbas ko a ƙasashe masu arziki. A watan Satumban 2024 ambaliyar guguwar Helene ta tsayar da masana'antar Baxter da ke jihar North Carolina, wadda ita kaɗai ke samar da kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a Amurka. Asibitoci suka koma tsimin ruwa, wasu suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, aka shiga ɗauko ruwa a jirgin sama daga wasu ƙasashe. Mu nan namu ciwon canjin kuɗi ne. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Wanda ya ɗaure kansa ga dila ɗaya da samfuri ɗaya shi ya fi jin jiki a irin wannan yanayi.

Ruwan kansa

A nan na gida ya fi dacewa, kuma dalilin nauyi ne. Katan mai roba 20 ta mililita 500 ya haura kilo 10, kusan duka ruwa ne, kuɗin dakonsa daga wata nahiya sai ya nemi cinye darajarsa. Kamfanoni irin su Dana da ke da masana'anta a Minna, Biomedical a Ilori, Fidson da Unique a Sango Ota, da Juhel a kudu maso gabas duk suna yin ruwan ƙari a Nijeriya. Gajeriyar hanya tana rage kwanakin da ruwa zai yi yana gasuwa a kwantena, kuma idan wani rukuni ya lalace akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Zuwa daga waje ba shaidar tsabta ba ce. A Indiya, daga ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025, hukumomin jihohin Karnataka da Bengal ta Yamma sun dakatar da amfani da ruwan ƙari nau'in Ringer's lactate na wani kamfani bayan mutuwar mata masu jego da ake zargin ruwan na da hannu a ciki.

Mazubi iri uku ne. Kwalbar gilashi ta kusa ɓacewa sai ga wasu magunguna. Roba mai ɗan tauri ita ta cika kasuwarmu: tana da sauƙin kuɗi, tana jure jifa da lodin mota. Leda mai laushi ta fi su ta fuskar tsabta, domin tana lanƙwamewa yayin da ruwan ke fita, ba ta buƙatar iskar ɗaki ta shige ta, sai dai ta fi tsada kuma ƙusa ɗaya a sito ta isa ta huda ta. Idan roba ka saya, to a daina al'adar nan ta soka allura a gindinta don ruwa ya yi gudu. Iskar ɗakin marasa lafiya ce ake turawa ciki ba tacewa. Maganin wannan yana jikin igiya, zan zo kansa.

Kafin a karɓi kaya a ciro wasu robobi daga tsakiyar katan, ba na sama kaɗai ba. A ɗaga su a haske: ruwan ya zama garau, babu gurɓata, babu wani zare ko ɗigon baƙi da ke yawo. A matsa da hannu a ga ko yana tsatsa ta wuya. Katan mai danshi ko farin gishiri da ya bushe a bakin roba alama ce ta yoyo, kuma inda ruwa ya iya fita ƙwayar cuta za ta iya shiga. Wajen rabon kuɗi tsakanin ruwan gishiri (normal saline) da na sukari (dextrose) da Ringer's lactate, likitan wurin ne zai faɗa, amma wanda ke yankin da kwalara ke ɓulla da damina ya tanadi Ringer's lactate tun kafin ruwan sama ya kankama, don shi ake fifitawa ga wanda amai da gudawa suka tsotse.

Igiya da lissafin ɗigo

Ga inda ake yawan yin kuskure ba tare da an lura ba. Kowace igiya tana da adadin ɗigon da ke cika mililita ɗaya, kuma a rubuce yake a ledarta. Yawancin na manya 20 ne, amma akwai masu 15 da masu 10, na yara kuwa 60. Ɗauki roba ta 500 da likita ya ce ta shiga cikin awa 4. Da igiya mai 20, nas za ta saita ɗigo 42 a minti. Idan mai saye ya canza samfuri ya kawo mai 15 bai gaya wa kowa ba, ita kuma ta ƙirga 42 ɗin da ta saba, ruwan zai ƙare cikin kusan awa 3. Ga matashi mai ƙarfi ƙila ba a ga komai ba. Ga tsohuwa mai ciwon zuciya ko mai ciwon ƙoda, wannan saurin kan tara ruwa a huhu. Don haka a tsaya a kan adadi ɗaya a duk asibitin, a rubuta shi a takardar oda, a mayar da duk katan da ya saɓa ko da ya fi araha.

Sauran abubuwan dubawa hannu ne ke gane su. Tayar da ake murzawa don saita gudu ta riƙe inda aka bar ta. Mai arha takan saki da kanta, ka bar ɗigo 20 ka dawo ka tarar ruwa na kwarara ko ya tsaya cak. Tsinin da ke huda roba ya shiga ba tare da ya karye ko ya yanko ɓarɓashi ba. A sami ƙaramar ƙofar iska mai murfi da matata a kusa da tsinin, a buɗe ta ga kwalba da roba mai tauri, a rufe ga leda. Bututun kada ya zama mai saurin karyewa idan mara lafiya ya juya. Bakin da ke haɗuwa da kanula kuma iri biyu ne, na turawa da na murɗawa mai ɗauri, wanda ake rubuta luer lock a ledarsa. Na murɗawa ya fi ga yara da masu fizge-fizge da wanda za a ɗauka a mota zuwa wani asibiti. Idan igiya ta cika waɗannan kuma tana da rajista, ban ga dalilin biyan ninkin kuɗi don sunan Turai ba. Nan ne wurin yin tsimi.

Abu biyu ne ba a tsimi a kansu. Na farko igiyar ƙarin jini: tana da matata ta musamman mai ramuka na maikuron 170 zuwa 200 da ke tare gudajin jini, igiyar ruwa ba ta maye gurbinta. Na biyu buret, wato igiyar nan mai ma'auni na mililita 100 ko 150 da ɗigo 60. Ta fi igiyar manya tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ake jarabtar barinta, amma ita ke hana robar 500 ta zube gaba ɗaya a jikin jariri idan taya ta saki da dare. Tana kuma sauƙaƙa lissafi, don ɗigon da aka ƙirga a minti shi ne mililitan da zai shiga a awa. Masu ɗakin jarirai su nemi wadda aka rubuta babu DEHP a cikinta, wani sinadari ne da ake tausasa roba da shi wanda kan narke ya bi ruwa, an kuma fi jin tsoronsa ga bakwaini. Wanda ke da injin tura ruwa kuwa ya sani yawancinsu igiyar kamfaninsu kaɗai suke karɓa. Kafin a yi murnar injin da aka samu kyauta, a tambayi inda za a riƙa samun igiyarsa da nawa.

Kanula

Idan kuɗi ya ƙaranta, a kanula zan zuba shi. Launinta ƙa'ida ce ta duniya: ruwan toka lamba 16, kore 18, ruwan hoda 20, shuɗi 22, rawaya 24. Lamba na hawa, kauri na raguwa. Kore na iya shigar da wajen mililita 90 a minti, shuɗi bai kai rabin haka ba, shi ya sa ɗakin haihuwa da na haɗari ba sa rabuwa da kore da ruwan toka saboda zubar jini, ɗakin yara kuma shuɗi da rawaya ne abincinsa. Sau da yawa sito kan cika da ruwan hoda saboda shi ya fi tafiya, ranar da aka kawo mai naƙuda jini na zuba a rasa kore ko ɗaya.

Bambancin mai kyau da maras kyau a baki yake. Maras kyau allurarta dakusasshiya ce, ko robar ta tattare a kan fata kamar safa maimakon ta bi allura ta shige jijiya. Sai a jefar a ɗauko wata, jijiyar ta fashe, a koma ɗaya hannun, uwa na tsaye tana kallon ana ta sukar ɗanta. Kanula uku masu arha da aka ɓata a kan yaro ɗaya sun fi guda mai tsada kuɗi, kuma araha ba ta ado. Wadda aka yi da roba nau'in polyurethane takan yi laushi idan ta ji ɗumin jiki, ba ta cika kumbura jijiya kamar ta teflon ba, ita ta fi dacewa da wanda zai kwana biyu a gado. Akwai kuma mai kariya, wadda bakin allurar ke rufuwa da kansa da zarar an zare. Amurka ta yi dokar da ta tilasta irin waɗannan kayan kariya tun 2000. A wurinmu, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita, ko ba a iya saya wa duk asibiti ba, a saya wa ɗakin gaggawa da na masu cutuka masu yaɗuwa.

Sirinji ba ya buƙatar dogon bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 a koma ga wanda ke kulle kansa bayan amfani ɗaya. Abin da ya faru a Ratodero ta Pakistan a 2019, inda aka gano ɗaruruwan yara ɗauke da ƙanjamau kuma bincike ya nuna maimaita allura da igiyar ruwa, ya isa hujja. Ana yin sirinji a Nijeriya, ko da yake masana'antar Jubilee ta Akwa Ibom ta sanar da dakatar da aiki a Janairun 2024.

A ledar kowane kaya a nemi lambar rajistar NAFDAC a duba ta a kundin Greenbook na hukumar a intanet, don lamba ba ta da wuyar bugawa. A nemi lambar rukuni da ke bayan kalmar LOT, da ranar ƙarewar wa'adi, da alamar STERILE, da lamba 2 da aka soke wadda ke nufin amfani sau ɗaya. Tambarin CE, shaidar cika ƙa'idar Turai, shi kaɗai bai wadatar ba, 'yan jabu sun fi kowa iya zana shi. Ledar da ta huje ko takardar bayanta ta jiƙe ta tashi daga aiki ko da saura shekara uku a wa'adinta. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar rukuni, a sayi kwali ɗaya a ba ma'aikatan jinya su gwada na mako guda kafin a yi babban sari. A sito a ɗora katan a kan katako nesa da bango da kwanon rufi, wanda wa'adinsa ya fi kusa a gaba. A cikin odar kuma a haɗa da kwalin zuba allurai, wanda ake rufewa idan ya kai kashi uku cikin huɗu, gwargwadon yawan kanula da sirinjin da aka saro.