Kiɗan da tsuntsaye ke ja wa gaba: sharhina kan Cantus Arcticus

Mako uku ke nan ina sauraron wani kiɗa mai suna Cantus Arcticus kusan kowane dare bayan lisha, idan yara sun kwanta. Wani mutumin ƙasar Finland ne, Einojuhani Rautavaara, ya tsara shi a 1972 domin bikin ba da digirin dakta na farko a Jami'ar Oulu. Wanda na sauke a waya shi ne na kamfanin Naxos, wanda makaɗan ƙasar Sikotland suka buga ƙarƙashin jagorancin Hannu Lintu. Tsawonsa kusan minti 18 ne, kashi uku.

Abin da ya ja ni shi ne babu mawaƙi ko ɗaya a ciki. Mutumin ya ɗauki na'ura ya je fadamun Liminka a Finland da yankunan da ke can Arewa mai ƙanƙara, ya naɗo kukan tsuntsaye, sannan ya sa taron makaɗa su yi musu amshi. Tsuntsayen ne manyan baƙi, masu goge da busa kuwa 'yan rakiya ne.

Sarewa biyu ne ke buɗe kashin farko, suna hawa suna sauka kamar iska a kan ruwa. Sai kukan fadama ya fara shigowa daga nesa, sannu a hankali, har ka kasa gane inda sarewa ta tsaya da inda tsuntsu ya karɓa. A nan na fi daɗewa, na maimaita shi ya fi a ƙirga. Na tuna wata safiya ta hunturu a dausayin Hadeja-Nguru, inda baƙin tsuntsaye daga Turai ke sauka su ci rani, ruwa ya yi tsit, hazo ya rufe ƙetare. Wasunsu can Arewa mai ƙanƙara suke ƙyanƙyasa. Ashe mu muke ganin ƙarshen tafiyar, wannan kiɗa kuwa farkonta yake nunawa.

Kashi na biyu gajere ne, mai sanyaya jiki. An ɗauki kukan wani ɗan tsuntsu an rage masa sauri har muryarsa ta yi kauri, ta koma kamar wani abu na kira daga cikin duhu. Na uku kuma shi ne ƙaurar manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, dangin dinya, waɗanda su ne tsuntsun ƙasa na Finland. Garke ne guda ke tahowa, ƙara tana ƙaruwa, ƙahonni suna tashi tare da su, sai su wuce ta saman kanka su ɓace. Ranar farko wallahi sai da na ɗaga kai.

Amma fa a kula: kada a saurare shi ta lasifikar waya. Na gwada, komai ya cakuɗe, tsuntsayen suka koma tsuwa kawai. Sai da abin kunne mai kyau da wuri shiru, domin farkonsa a hankali yake ƙwarai, ƙarar janareton maƙwabta ma tana iya haɗiye shi.

Inda ya gaza mini ɗaya ne: babu ɗan Adam a wannan Arewar tasa, alhali akwai masu ƙasa. Wannan ya sa na nemi wani kiɗan mai suna Take the Dog Sled na Alexina Louie 'yar Kanada, wanda makaɗan birnin Montreal suka kai har garuruwan Inuit, 'yan asalin Arewacin Kanada mai ƙanƙara, a yankin Nunavik a 2008. A ciki akwai katajjaq, wasan maƙogwaro na matan Inuit. Mata biyu ne ke fuskantar juna, riƙe da hannun juna, ɗaya ta fitar da sauti ɗayar ta cike gurbi, suna kwaikwayon dinya ko kogi ko sauro, har numfashin ɗaya ya ƙare ko dariya ta kufce mata. A da malaman mishan sun hana wannan wasa, amma matan suka riƙe abinsu har ya farfaɗo. Jin su a gaba, makaɗa na bin sawunsu, ya taɓa mini zuciya fiye da yadda na zata.

Yanzu haka nake jera su: na fara da tsuntsayen Rautavaara, na rufe da muryoyin matan nan. Jiya ƙaramar 'yata ta farka ta same ni, na sa mata abin kunne ɗaya daidai lokacin da garken ke wucewa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, ina za su?"