MySQL na mutuwa jefi-jefi: ƙara swap ko rage ma'aikatan Apache?

Idan sabarka mai RAM gigabait 1 ce, fara duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux. Sau da yawa Linux ce da kanta ke kashe MySQL, wato manhajar rumbun bayanai, idan RAM ta cika maƙil.

Ƙara swap, wato yankin faifai da ake ara a matsayin ƙarin RAM, aikin minti biyar ne, kuma mutuwar kan tsaya. Sai dai faifai bai kama ƙafar RAM a sauri ba, da baƙi sun yi yawa shafin zai fara jan ƙafa.

Ni na fi karkata ga rage MaxRequestWorkers, wato iyakar yawan ma'aikatan da Apache, manhajar da ke miƙa shafin ga baƙi, ke iya kunnawa a lokaci guda. A ce kowane ma'aikaci mai ɗauke da PHP, yaren da shafin ke aiki da shi, na cin megabait 40, to idan iyakar na kan guda 150 fa? Mayar da su 15 sai da awo da haƙuri, wasu baƙin ma za su ɗan jira layi, amma rumbun bayanan zai sarara.