Masu buga littafi na Garki, Abuja: yadda aikinsu yake ga sabon marubuci

Shagunan ɗab'i na Garki sun ƙware a kalanda da katin biki, don haka bangon littafi suna fitar da shi tas. Cikin littafin ne sai ka sa ido.

Babbar matsalar ita ce haruffanmu masu ƙugiya. In ka miƙa musu labarinka a fayil ɗin Word, kwamfutarsu na iya rasa irin rubutun da ka yi amfani da shi, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma 'yan akwatuna, ko "ƙasa" ta zama "kasa". Ma'aikacin da ba ya karanta Hausa ba zai lura ba. Kai musu PDF, ka nemi kwafi guda na gwaji, ka bi shi layi-layi kafin a kunna inji.

Girman A5, wato rabin takardar A4 da aka saba da ita, ya wadatar da littafin labari. Takardar ciki mai nauyin giram 70 (70gsm, ma'aunin kaurin takarda) ta fi, ta 60 rubutun baya na leƙowa. Yawan shafuka ya zama wanda za a iya rabawa 16-16 ba saura, in ba haka ba ka biya kuɗin farar takarda. Kwafi kaɗan, injin dijital ya fi sauƙi. Masu yawa, a yi faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora shafukan a kai don babban injin ɗab'i.

Ɗaurin gam ɗinsu ne ba ya tabbata. Buɗe littafin a tsakiya ka danne. In shafi ya ɓalle, kada ka karɓa.

Gyaran labari ba aikinsu ba ne. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaidar littafi ta duniya, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta.