Jitar da aka ƙera mini da madaci, bayan shekara guda a hannuna

Da na je wurin maƙerin a Legas, katakon roswud na Indiya ne a raina, irin wanda kamfanin jita na Martin ke yi wa jitarsa mai suna D-28 baya da gefe da shi tun 1969, lokacin da suka bar na Brazil. Dattijon ya bar ni na gama zuba, sannan ya ɗauko siraran katakai biyu, ya riƙe kowanne da yatsu biyu ya ƙwanƙwasa kusa da kunnena. Roswud ya yi ƙara kamar an taɓa tasa, tana ja kafin ta mutu. Ɗayan ya amsa a taƙaice, ya yi shiru. Ya tambaye ni ko kiɗa kawai nake yi ko ina ɗora waƙa a kai. Na ce waƙa nake ɗorawa. Ya ce to na biyun ne nawa.

Mahoganin Afirka ne, ɗan'uwan madacin nan namu da ake jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki, sai dai wanda ake jita da shi galibi daga dazukan Ghana da Kwaddibuwa yake fitowa. Na ɗan ji an rage mini daraja, ba zan ɓoye ba. Kuɗin ne ya rarrashe ni, don roswud ya fi tsada nesa ba kusa ba.

A kan fuskar jitar muka fi daɗewa, kuma nan ne na ga amfanin kuɗina. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ya san fata ce ke magana, ƙwarya tana taya ta ne kawai. Haka jita take. Tsirkiya na girgiza jaki, wato ɗan katakon da take hawa kansa, jaki na girgiza fuska. Antonio de Torres, maƙerin Sifen, ya nuna wannan a 1862 da ya yi jita mai baya da gefe na takarda daskararriya, kuma ta yi amo. Zaɓin katako biyu aka ba ni don fuskar: sida, mai taushi da ɗumin murya, wadda ke amsawa ko da shafa ta ka yi, ko sifurus na Sitka da ake sarowa a Alaska, mai tauri da rashin nauyi. Hannuna yana da nauyi, in na yi zafi dukan tsirkiya nake yi. Sida za ta shaƙe, farce ma yana yi mata tabo. Muka tsaya a kan sifurus.

Haɗin ya yi. Makonnin farko muryarta a ɗaure take, kamar sabon takalmi, sai wajen wata na huɗu ta saki. Amon yana fita tsaf, kowace tsirkiya da nata, kuma tsakiyar sautin a cike yake, daidai inda muryar mutum ke zama. Na gwada ta gefe da gefe da ta wani abokina mai bayan roswud. Tasa ta fi tawa zurfin ƙasa da ƙyalli a sama, wannan ba musu. Amma da muka ɗauki sauti a waya, tasa ta riƙa haɗiye kalmomina, tawa kuwa ta ba su hanya.

Inda nake da ƙorafi shi ne hunturu. Jita tana son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. An haɗa tawa cikin laimar Legas, aka miƙo mini ba tare da ko kalma ɗaya ta gargaɗi ba, alhali maƙerin ya san Kano zan kawo ta, inda danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20 a Janairu. Da farko bakin ƙarafan wuya ne suka fara karce mini tafin hannu. Wata safiya na buɗe akwatin na tarar da tsaga siririya kamar gashi, daga jaki zuwa gindi. Madacin ko gezau, sifurus ɗin ne ya dare.

Ya liƙe ta kyauta, ya sa ƙananan faci daga ciki, amma kuɗin mota zuwa da dawowa ni na biya. Tabon yana nan in ka karkata ta ga haske, amon dai bai canza ba. Yanzu daga Nuwamba zuwa Maris akwai jiƙaƙƙen soso a cikin akwatin, cikin robar sabulu da na huda da ƙusa, kuma duk bayan kwana biyu sai na sake jiƙa shi.