Hattara da masu sayar da batirin diron da aka goge wa lissafi

Jama'a masu harka da jirgi mara matuƙi, ko na ɗaukar bidiyo ko na awon fili, dan Allah ku buɗe ido. Akwai wasu a intanet da ke tallar batir wai "sabo fil, sau 3 kacal aka yi cajinsa", har da hoton allon manhaja mai nuna lambar, alhali batirin ya sha aiki ya gaji tilis. Lambar tana kan allo da gaske, amma da hannu aka saka ta.

Ga yadda suke yi. Batirin kamfanonin diron irin su DJI yana da ɗan ƙaramin bod a ciki wanda ke ƙirga sau nawa aka cika shi aka sauke, yana ajiye tarihin matsala, kuma idan sel ɗaya, wato ɗaya daga cikin ƙananan baturan da aka haɗa a cikinsa, ya faɗi ƙasa sosai sai ya kulle batirin gaba ɗaya. To akwai na'ura da manhaja da masu gyara ke buɗe wannan kullin da su, kuma mai gyara na gaskiya idan ya canza sel ɗin ya faɗa maka ba laifi. Su kuwa waɗannan ba sa canza komai, kullin kawai suke cirewa su mayar da lissafin sifili, kamar mai juya mitar mota baya, su goge jikin da tsumma su ɗauki hoto.

Abin da ba za su iya gogewa ba shi ne lalacewar da ke ciki. Duk cajin da aka yi wa batirin litiyam akwai ɗan abin da ke maƙalewa ba ya dawowa, a hankali yawan wutar da yake riƙewa na raguwa, kuma yana ƙara taurin kai wajen sakin wuta da ƙarfi. Zafi na ƙara saurin abin, haka jona shi a caja yana saukowa daga sama da zafinsa, haka barinsa cike a 4.2V kowane sel na tsawon watanni, shi ya sa ake ajiye LiPo, wato irin batirin litiyam da ake sa wa diron, a wajen 3.8V, na DJI kuma ke sauke kansa zuwa kusan kashi 60 idan ya yi kwanaki ba a taɓa shi ba. Kenan ko lambar gaskiya ce, batirin da aka bari cike cikin mota a rana zai iya mutuwa da zagaye 20 na caji. Garantin DJI ma a yawancin ƙananan jiragensu a zagaye 200 yake tsayawa.

Kuma a ƙasa ba za ka gane ba, zai cika 100 lafiya lau, fitilu huɗu duk su kama. Sai ka tashi ka yi nisa, iska ta taso injinan suka fara jan wuta, nan ƙarfin zai zube, kana kallon kashi 40 kafin ka kifta ido ya koma 10 jirgin ya fara sauka da kansa, a kan ruwa ne ko a kan mutane oho.

Wasu kuma a rubutun jiki suke ƙarya. Batirin jirgin DJI Mini 3 Pro na asali 2453mAh ne (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), nauyinsa wajen giram 80, babban kuma 3850mAh, giram 121. Ka ga ƙarin wuta da ƙarin nauyi yake zuwa. Wanda ya ce maka nasa 6000mAh ne kuma nauyinsa ɗaya da ƙaramin, haba malam, ka ɗora a sikeli kawai.

Mafi muni su ne masu huda batirin da ya kumbura su fitar da iskar su danne shi ya kwanta. Na taɓa riƙe irinsa, gefen robar duk alamar an ɓamɓare an sake liƙewa da gam, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi na sinadari yana fita. Wannan wallahi gobara ce ake jira, ba batir ba.

Kar ka yarda da hoton allo, ka ce a saka batirin a jirgi a gabanka ko a bidiyo kai tsaye, ka gwada lambar siriyal ta manhaja da ta jikinsa, ka duba ranar da aka ƙera shi. Ka ɗora shi a tebur ka ga ko yana lilo, in kuma sai an danna da ƙarfi yake shiga gurbinsa to ya kumbura. Sannan a tayar da jirgin ya tsaya wuri ɗaya ka kalli ƙarfin kowane sel idan manhajar tana nunawa, bambanci ya kai 0.1V ka haƙura da shi. Minti 34 na tashi da kamfani ya rubuta wa Mini 3 Pro a wurin da babu iska aka auna, ba shi za ka nema ba, ka gwada shi da batirin da ka san lafiyarsa. Mai cewa "turo kuɗi tukuna, wasu na jira" ya ƙi gwaji, ka san inda ya dosa.

In kuma ka riga ka saya kana zarginsa, kar ka yi cajinsa ka kwanta barci, ka ajiye shi nesa da katifa da labule a kan siminti, kuma kar ka jefa shi cikin shara, ka kai wa masu karɓar matattun batura.